Yadda ake sa wa sakata da hinjin ƙofar mota mai idan sun fara cijewa

Ƙofar motar da sai an buga ta da ƙarfi take rufuwa, ko wadda ke kuka duk sanda aka buɗe ta, yawanci ba lalacewa ta yi ba. Giris ɗin da aka sa mata tun daga kamfani ne ya bushe, ƙura ta hau kansa, ya zama kamar danƙo. Mutane da yawa baƙin mai suke tsiyaya wa wurin su wuce. Ƙofar ta yi laushi na kwana biyu, sai kuma ta koma gidan jiya, don sabon mai ne aka zuba a kan tsohon datti. Rabin aikin nan wanki ne.

Ka tanadi feshin WD-40 ko irinsa don wankewa, farin giris na lithium (na feshi mai siririn bututu ya fi shiga lungu), feshin silikon don roba, garin girafayit (baƙin abin nan da ke cikin fensir) ko busasshen feshin PTFE (sinadari mai sa santsi, wanda ake kira Teflon) don ramin makulli, tsohon buroshin haƙori, sukundireba da tsummoki biyu. WD-40 na asali yana narkar da datti, yana korar ruwa, amma ruwa-ruwa ne, ba ya daɗewa a wurin da ƙarfe ke gugar ƙarfe. Da shi ake wanki, da giris ake gamawa.

Kafin komai, ɗaga gilashin ƙofar har ƙarshe. Idan yana ƙasa, cikin ƙofar yake zaune, feshin zai same shi, daga baya ya riƙa fitowa da shatin mai.

Fara da hinji, wato ƙarafan nan biyu, na sama da na ƙasa, da ƙofa ke juyawa a kansu. Buɗe ƙofar sosai, shimfiɗa tsumma a ƙasa, ka fesa mai wankewa a saman fin ɗin da ke tsakiyar kowane hinji. Goge da buroshi, ka kai ƙofar ka kawo ta kamar sau 10. Baƙin ruwa ko ja mai tsatsa zai gangaro. Share shi, ka maimaita har ruwan ya fara fitowa da haske. Bar shi minti 5 ya sha iska, sannan ka sa bakin bututun giris daidai inda fin ya shiga, ka fesa na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Sake kaɗa ƙofar don giris ya ratsa ciki, ka goge duk abin da ya tsatso waje. Wanda ya rage a waje ba ya aikin komai sai tara ƙura. Akwai wata baƙar roba mai lanƙwasa tsakanin hinjin biyu, wayoyin wuta ne a cikinta, kada giris ya taɓa ta.

A nan tsakiya kuma akwai wani ƙarfe mai shiga cikin ƙofa yana fitowa, shi ke riƙe ta a buɗe don kada iska ta maido ta. Idan ƙarar da kake ji "ƙas-ƙas" ce, ba kuka mai tsawo ba, sau da yawa shi ne mai laifin. Goge shi sama da ƙasa, shafa giris kaɗan, ka duba ko kusar da ta ɗaure shi da jikin mota ta yi sako-sako.

Sakata ce ke buƙatar natsuwa. Duba gefen ƙofar, za ka ga tsaga, a cikinta akwai wani ƙarfe mai baki kamar ƙugiya. Shi ke cafke ƙarfen da ke jikin ginshiƙin mota, wani ƙaramin harshe a bayansa kuma ya tokare shi. Fesa mai wankewa a kan ƙugiyar da inda take juyawa, amma kada ka yi masa ambaliya: a motoci da yawa na yanzu, ƙaramin makunnin da ke nuna ƙofa a buɗe take da injin kulle ƙofofi duk suna haɗe da sakatar. Yanzu sa jikin sukundireba cikin tsagar, ka tura ƙugiyar kamar yadda ƙarfen ginshiƙi zai tura ta. Ya kamata ka ji ƙara biyu, ta farko rabin rufuwa, ta biyu cikakkiya. Ja hannun ƙofa, ka fizgo ƙugiyar da sukundireban ta buɗe. Yi haka sau 5 ko 6, share dattin, fesa giris kaɗan a bakin ƙugiyar da gindinta, ka sake motsa ta.

Ga inda ake ɓata aiki: kada ka rufe ƙofar alhali ƙugiyar na kulle. Za ta daki ƙarfen ginshiƙi ta dawo, bugu mai ƙarfi kuwa yana iya lanƙwasa ta. Ka gani da idonka cewa bakinta a buɗe yake tukuna.

Shi ƙarfen ginshiƙin gogewa kawai yake so, da ɗan shafi da kan yatsa. Idan ya yi yawa, rigar mai shiga mota ce za ta kwashe.

Ramin makulli ba a sa masa giris. Ƙananan ƙarafan cikinsa suna hawa da sauka ne a kan siraran sifirin, abu mai kauri yana manne su. Busa garin girafayit kaɗan ko feshin PTFE, sa makulli ka cire sau da yawa, ka juya hagu da dama. Idan an taɓa zuba mai a ramin, zaɓi PTFE, domin girafayit da mai suna haɗuwa su zama kamar laka. Motar da kullum da rimot ake buɗe ta ta fi bukatar wannan, don ramin nata yana ƙafewa ba a sani ba sai ranar da batir ya mutu.

Robar da ta kewaye ƙofa kuma silikon ne nata. Fesa a tsumma ka bi ta da shi. Giris da baƙin mai suna kumbura irin wannan roba, su sa ta laushi har ta yage.

Idan an gama duk wannan ƙofar ba ta daina cijewa ba, buɗe ta kaɗan, ka kama ƙasanta daga can ƙarshe ka ɗaga. In ta motsa sama da ƙasa, fin ko bushin hinji (zoben da fin ke zaune a ciki) ne suka cinye, ƙofar ta sauka, sakata ba ta haɗuwa da ƙarfen ginshiƙi daidai. Alamar ita ce sabon shatin guga mai ƙyalli a saman ƙarfen. Mai ba ya maganin wannan, sai canji. In kuwa hinji lafiya lau ne, ana iya sassauta kusoshi biyu na ƙarfen ginshiƙin a gusa shi milimita ɗaya ko biyu, bayan an zana inda yake da alƙalami don a iya mayar da shi. Ƙofar baya da ke buɗewa ta waje amma ta ƙi ta ciki, duba ɗan makunnin kare yara da ke gefenta kafin ka zargi sakata.

Sau ɗaya a shekara ya isa, sau biyu ga motar da ke yawan bin hanya mai ƙura ko ake yawan wanke ta da ruwa mai ƙarfi. Tunda kayan na hannunka, bi sakatar bonet da ta but, tsarinsu ɗaya ne.