Yadda muke tsabtace ruwan dattin matatar mai da bakteriya da garin nano

Duk ɗalibin da aka turo mana sashen ruwan datti da zancen nano a bakinsa, nakan ce masa ya ɗan dakata. Garin nano, wato gari mai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya iya gani, ba ya aiki a ruwan da mai ke yawo a kansa. Man zai lulluɓe shi, kuɗi su tafi a banza.

Fara da raba mai. Bar ruwan ya kwanta a doguwar kwatarniyar da muke kira API, mai ya taso a kwashe, yashi ya nutse. Ɗigon da ya ƙi tasowa a zuba masa alam ya dunƙule, a hura ƙananan kumfar iska su ɗago shi. Ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa, wato mai salfa da amoniya, tururi ake fara bi da shi.

Daga nan sai tankin bakteriya, kuma su ne ke yin mafi yawan aikin. Tsohuwar dabara ce, tun 1914 aka fito da ita a Manchester ta Ingila. Kiwo ne sosai, sai ka ciyar da su, ka ba su iska. Oksijin ya tsaya wajen miligiram 2 a lita, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 6.5 da 8.5. Ruwan matata kan yi ƙarancin fosfet, sinadarin da bakteriya ke buƙata a abincinsu, sai ka ƙara. Kullum da safe ɗebi lita ɗaya na ruwan tankin a kwalba ka ajiye minti 30. In lakar bakteriyar ta kwanta, launinta ruwan ƙasa, tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, lafiya lau. In ta yi baƙi tana wari, iska ta gaza, je ka duba injin hurawa. Abin da na fi tsoro shi ne fenol, wani sinadari mai guba da ke cikin ruwan matata, ya kwararo da yawa lokaci guda, don yana kashe su. Shi ya sa ake ajiye tankin gauraya kafin na bakteriya, ana sakin ruwan kaɗan-kaɗan.

Yanzu ne nano ke da amfani, ga ragowar da bakteriya suka kasa ci. Ƙwayarsa ba ta wuce nanomita 100 (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya). Titaniyam dayoksaid, in an haska masa fitilar UV, mai hasken da ido ba ya gani, yana farfasa fenol, amma sai ruwan ya yi garau haske ya ratsa. Ni dai na fi son baƙin garin magnetayit: ya kama ƙarafa masu guba, ka jawo shi da maganaɗisu, ka wanke, ka sake zubawa. Na azurfa da na zinki kada su kusanci tankin bakteriya, kashe su suke yi.

Gwada a kwalba kafin ka saya da yawa, domin yawancin wannan fasaha har yanzu tana matakin gwaji. Kuma kada ruwa ya fita sai ka tace garin duka. A wuri mai ƙarancin ruwa irin Damagaram, inda matatar SORAZ take tun 2011, gara ma a ƙara tace shi a mayar hasumiyar sanyaya injuna.