Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Shan Magani

Yawancin kurakuran shan magani daga wuri guda suke tasowa: mutum bai san aikin da aka sa maganin ya yi masa ba. Wani kashe cuta yake yi, wani rage raɗaɗi, wani kuwa danne ta kawai yake yi kada ta yi ɓarna.

Kuskuren da na fi gani shi ne na maganin hawan jini. Mutum zai sha amlodipine wata biyu, a auna shi a ga jinin ya sauka, sai ya ce ai ya warke, ya jefa sauran ƙwayoyin cikin durowa. Alhali maganin ne ke riƙe da shi. Da an daina sha jinin zai sake hawa, kuma ba ya sallama. Wani ba zai ankara ba sai ɓarin jikinsa ya shanye. Haka metformin yake ga mai ciwon suga. A ci gaba da sha, a riƙa zuwa awo, ragewa ko canzawa a bar wa likita.

Farasitamol kuwa zafin jiki yake saukarwa, ba ruwansa da abin da ya kawo zazzaɓin. In zazzaɓi ya yi ta dawowa, gwaji ake nema, ba ƙarin ƙwaya ba. Babba kada ya wuce giram 4 a kwana ɗaya, don hanta ce ke shan wahalar. A duba kwali ma, magungunan mura da yawa akwai shi a ciki.

Sai amoxicillin da danginsa. Bakteriya suke kashewa, mura kuwa bairos ke kawo ta, shi ya sa shan su a kanta asara ce. In kuma likita ya rubuta, a sha yadda ya ce. Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna, ya yi kashedin cewa shan ɗan kaɗan zai sa ƙwayoyin cuta su saba da maganin. Mai tarin fuka kan ji sauƙi cikin 'yan makonni, amma wata 6 zai yi yana shan maganin tarin. Wanda ya yanke a tsakiya na iya jawo wa kansa tarin da ba ya jin magani.

Akwai kuma masu gajen haƙuri. Maganin ciwon damuwa irin fluoxetine yakan ɗauki makonni kafin a ga tasirinsa, wani kuwa kwana huɗu zai ce ba ya aiki. Tun kafin ka tashi daga gaban likita ka tambaye shi yaushe za ka fara ganin canji, kuma har yaushe za ka sha.