Kurakuran da ke sa igwa ta kuskure a wasan Squad

A wasan Squad, wasan yaƙi na kwamfuta na kamfanin Offworld Industries, ƙaramar igwar nan mai bututu da ake kira mortar tana iya tarwatsa sansanin abokan gaba, tana kuma iya cinye harsasan ƙungiyarka kaf ba tare da ta taɓa kowa ba. Mai harbin ba ya ganin abin da yake harbi. Lambobi biyu kawai yake da su, na juyi da na ɗagi, kuma kusan duk ɓarnar da ake yi daga ɗayansu take fitowa.

Abin da ya fi rikita sabon shiga shi ne lambar ɗagi. Mil ɗin da ke jikin madubin igwa ba mil ɗin tafiya ba ne da muka sani, awon kwana ne: mil 800 daidai yake da digiri 45, mil 1600 kuma bututu ya miƙe sak yana kallon sama. Saboda haka idan lamba ta hau, harsashi kusa zai faɗo. Mita 50 tana kan mil 1579, mita 500 tana kan 1387, mita 1000 tana kan 1118, iyakarta kuma mita 1250 a kan 800. Da an ce wa mutum "ƙara nisa" sai hannunsa ya kai ga ƙara lamba, bom ya sauka a kan 'yan'uwansa da ke gaba. Ƙara nisa, rage lamba. Ka riƙe wannan tun kafin ka zauna a kan igwa.

Na biye da shi shi ne lalaci wajen karanta jadawali, wato jerin da ke nuna mil ɗin da ya dace da kowane nisa. Jadawalin hamsin-hamsin yake tafiya, abokin gaba kuwa ba ya zama a kan lamba mai daɗin faɗa. A ce nisan mita 630 ne. Mita 600 tana kan 1341, 650 tana kan 1317, tazarar mil 24 ke nan. Mita 30 kashi uku ne cikin biyar na wannan tazara, wajen mil 14. Ka cire daga 1341, ka tsaya a 1327. Wanda ya ce bari ya ɗauki 650 kawai ya huta, ya wuce da mita 20 tun kafin harsashi ya bar bututu. Kuma kada ka haddace cewa mita 50 mil 20 ce a ko'ina. A kusa haka ne, amma tsakanin 1000 da 1050 ta zama 37, tsakanin 1200 da 1250 kuwa 118 ce.

Nisan ma sau da yawa ba a auna shi daidai. Taswirar a yanke take gida-gida kamar ta dara: babban gida mita 300, a cikinsa ƙanana tara masu mita 100, kowanne kuma ya sake rabuwa tara masu kimanin mita 33. Lambobin ƙananan gidajen jerin madannan lissafi na kwamfuta suke bi, 7 8 9 a sama, 1 2 3 a ƙasa, akasin na waya. Wanda ya saba da waya yana jin "gida na 1" sai ya duba sama ta hagu, alhali ƙasa ake nufi, ya yi kuskuren mita 200 a zaune. Masu ƙirga gidaje a karkace su ma suna faɗawa rami, domin daga kusurwa zuwa kusurwar babban gida mita 424 ne, ba 300 ba. Idan abin harin yana mita 300 gabas da 400 arewa, nisansa 500. Mafi sauƙi, shugaban rukuni ya ɗora alama a kan wurin, a karanta nisa da digiri daga kan kujerar igwar kanta, ba daga inda shi yake tsaye ba.

Juyi kuma ana raina shi. Digiri ɗaya a nisan mita 1000 yana kautar da harsashi kusan mita 17 da rabi. Idan kamfas ya nuna alamar tana tsakanin 212 da 213, to a tsakanin za ka ajiye, da ɗan taɓa madannin A ko D na kwamfuta kaɗan-kaɗan.

Sai tudu da kwari. Jadawalin ya ɗauka igwa da abin hari a shimfiɗa ɗaya suke. A filayen Yehorivka, ɗaya daga cikin taswirorin wasan, wannan bai cika damun kowa ba, amma a duwatsun Kohat ko Skorpo shi ne ke kunyata gwanaye. Idan abin harin ya fi ka tudu, harsashi zai ci karo da ƙasa kafin ya gama saukowa, ya faɗi gajere. Idan yana kwari, zai zarce. Girman matsalar ya danganta da nisa: bambancin tsayi na mita 40 ba ya wuce kuskuren mita 5 a nisan 300, saboda bom ɗin kusan a tsaye yake faɗowa, amma a nisan 1000 ya kai wajen mita 20, a 1200 kuma ya haura 30. A wajajen mita 1000, ka ƙara rabin bambancin tsayin a kan nisa idan sama kake harbi, ka rage idan ƙasa ne. Shafuka irin su SquadCalc suna yin wannan lissafi, sai dai idan ka ɗora alamar igwarka a gurbin da ba nata ba, amsar banza za su ba ka cikin tsanaki.

Harsashi yana shafe kusan daƙiƙa 20 a sama. Mai gaggawa yakan saki ukun da ke cikin igwa, ya sake ɗurawa, ya sake saki, kafin na farko ya dira. Ka harba ɗaya, ka jira mai hange, wato ɗan'uwanka da ke kallon wurin, ya faɗi inda ya sauka, ka gyara, sa'an nan ka yi ruwan wuta. Ko lambobinka daidai suke, harsasai ba sa faɗawa rami ɗaya, suna ɗan warwatsuwa, don haka kada ka bi kowane ɗan kauce da gyara. Wannan jinkirin ne kuma ya sa bin mota ko mutanen da ke gudu asara ce. Igwa ta abin da ke zaune ce: wurin da abokan gaba ke fitowa, rediyon da sansaninsu ya dogara da shi, ko tutar da suka taru a kai.

Shi ma mai hange yana da nasa laifin. "Matsa hagu" ba ta da ma'ana idan shi yana kallon wurin daga yamma, kai kuma daga kudu. Ya ce "mita 30 arewa", ko ya matsar da alamar a taswira. Ya kuma duba ko akwai rufi, domin a cikin gari irin Narva ko Fallujah bom a saman bene yake fashewa, na ciki ko gezau. A irin wannan wuri harsashin hayaƙi ya fi amfani, ya rufe wa mutanenka hanya su ƙetara titi.

Wurin kafa igwa ma abin lura ne. Daga rumbun sansani take cin harsashi, rumbun da masu harbo tankoki da sauran sojoji ke ɗiba. Igwa biyu suna aiki ba motar kaya mai kawo ƙari, cikin 'yan mintuna rumbu ya bushe. Ƙararta kuma tana kai wa nesa, masu farautar sansani da kunne suke bin ta. A kafa mata nata sansanin daban, kimanin mita 600 zuwa 900 daga inda ake fafatawa, yadda ko fagen ya matsa gaba tana da sauran nisa a hannu, a kuma bar mutum ɗaya yana gadin rediyo.