Yadda zaka gane ko na'urar gem da kasuwa ta ƙi zata farfaɗo

Idan kana shirin zuba kuɗinka a na'urar gem amma kana jin ana ta cewa bata sayuwa, to kar ka yi saurin yi mata jana'iza, kar kuma ka ruga ka saya don kawai kana son kamfanin.

Abu na farko ka duba ko kamfanin ya yarda ya ci asara a kanta. Nintendo ta fitar da na'urar hannunta 3DS a 2011 a kan dala 249 a Amurka, mutane suka yi biris da ita, ko wata biyar ba a cika ba suka zaftare farashin zuwa dala 169, har ya zama kowace ɗaya suka sayar asara suke yi, shugaban kamfanin na lokacin Satoru Iwata ya yanke rabin albashinsa, waɗanda suka riga suka saya da tsada kuma aka rarrashe su da gem 20 kyauta. Kamfanin da ya yi haka da gaske yake wallahi.

Amma fa ragin kuɗi shi kaɗai baya tada na'ura, nan ne mutane da yawa suke kuskure. Ka je ka duba jerin gem ɗin da zasu fito cikin 'yan watannin da suka biyo bayan ragin. A Agusta aka rage wa 3DS kuɗi, Nuwamba sai ga Super Mario 3D Land, Disamba sai Mario Kart 7, daidai lokacin sayayyar ƙarshen shekara, kaga mai shakka ya samu araha ya samu kuma dalilin saye a lokaci guda, a ƙarshe 3DS ɗin da aka sayar sun wuce guda miliyan 75. Haka PS3 ma, dala 599 ta fito da shi a 2006 ana ta surutu, sai a 2009 Sony ta kawo siririyar a dala 299 kuma a shekarar gem ɗin Uncharted 2 ya fito, PS3 ta ƙare da sayar da sama da guda miliyan 87. Ita kuwa Wii U ta Nintendo an rage mata kuɗi a 2013 amma Mario Kart 8 sai tsakiyar 2014 ya iso, lokacin PS4 ta riga ta cinye kasuwa, Wii U ko guda miliyan 14 bata kai ba. Kuma gaskiya abin yana min ciwo don gem ɗinta masu kyau ne sosai.

Sai ka leƙa ko sauran kamfanonin gem suna tare da ita. EA, wato kamfanin da ya yi gem ɗin ƙwallo na FIFA, bata yi wa Dreamcast ta kamfanin Sega ko gem ɗaya ba, ma'ana babu FIFA, duk wanda ya taɓa zama a gidan gem ya san na'urar da babu ƙwallon da matasa suke so sai dai ta sha ƙura a lungu. Ga Sega ta riga ta jigata tun daga na'urarta ta baya Saturn, a 2001 ta haƙura da ƙera na'ura gaba ɗaya.

Ka lissafa ɓoyayyen kuɗi ma, PS Vita, na'urar hannu ta Sony, katin memori ɗinta na Sony ne kawai kuma ga ɗan karen tsada. Sannan ka gwada yi wa wanda bai san harkar ba bayanin na'urar a taƙaice, in ya kasa ganewa akwai matsala, mutane da dama sun ɗauka Wii U wani ƙarin kayan tsohuwar Wii ne kawai ba sabuwar na'ura ba.

In kuwa ka ji kamfanin da bakinsa ya fara maganar magajiyarta to ka riƙe kuɗinka. A Maris 2015 Nintendo ta ambaci wata NX alhali Wii U ko shekara 3 bata yi ba, NX ɗin nan ita ce Switch da ta fito a 2017, kuma Mario Kart 8 ɗin ma can aka mayar da shi.