Ku bar cajin motar lantarki sai dare ya raba

Masu motar lantarki da ke zaune a Ingila, ku saita motarku ta fara caji bayan tsakar dare, kada ku jona ta da zarar kun dawo daga aiki. A tsarin biyan kuɗin wuta da ake kira Economy 7, kamfanin wuta yana rage farashi na tsawon awa 7 cikin dare, domin a lokacin mutane na barci, buƙatar wuta ta ragu. Ni ma sai da na gwada na gaskata.

Sai dai wutar rana a wannan tsari ta fi tsada, saboda haka wanda ke yini a gida da hita a kunne yana iya tafka asara. Ku tambayi kamfaninku takamaiman awannin rangwamen, domin sun bambanta daga yanki zuwa yanki.