Kurakuran da ake yi wajen sayen gida a unguwar masu hannu da shuni idan ana neman zaman maƙwabtaka

Mai neman gida a Maitama ko Asokoro a Abuja, ko Nasarawa GRA a Kano, ko Unguwar Rimi a Kaduna, yakan kashe makonni yana binciken takardun fili. Ya aika lauya ofishin filaye, ya kawo injiniya ya duba gini da rijiyar burtsatse. Mutanen da zai zauna da su kuwa, a rana ɗaya yake yanke hukunci a kansu, sau da yawa ma daga cikin mota. Sai an tare iyali su fara kukan kaɗaici, alhali kuɗi sun riga sun fita.

Kuskuren farko shi ne zuwa duba gida a lokacin da dillali ya zaɓa. Dillali zai kai ka da hantsi ranar aiki, titi fes, itatuwa sun yi inuwa, ba ka jin motsin kowa. Wannan shirun ba ya gaya maka komai. Ka koma kai kaɗai tsakanin La'asar da Isha, ka ajiye mota ka taka da ƙafa. Ka duba ko yara na fitowa da kekuna, ko ana dawowa daga Islamiyya a ƙungiya, ko akwai dattawan da ke zama a ƙofar wani gida. Ka yi Magariba a masallacin layin, kuma ka lura da sahu: masu gidajen ne a ciki, ko masu gadi da direbobi kaɗai? Bayan sallama, ana tsayawa a gaisa a tambayi wanda ba a gani ba, ko kowa takalminsa yake nema? In ka iya, ka zo Asuba ma. A ganina babu ma'aunin da ya kai wannan. Wanda coci yake zuwa, ya yi irin wannan lura ranar Lahadi.

Na biyu, ɗaukar tsaro a matsayin zumunci. Doguwar katanga da waya mai lantarki da ƙofar shiga mai masu gadi suna hana ɓarawo, amma ba sa haɗa mutane. Asalin GRA ma don rabuwa aka tsara ta: Turawan mulkin mallaka sun gina wa kansu ita nesa da birni, da manyan filaye, aka bar sarari tsakaninsu da mutanen gari. Wanda ya tashi a cikin ganuwa, inda ake miƙa tuwo ta kan katanga kuma zaure ke buɗe tun safe, kada ya zaci zai tarar da haka don kawai unguwa tana da tsada.

Sai rashin tambayar waɗanda ke kwana a gidajen da gaske. Nan mutane da yawa ke faɗawa. A Asokoro akwai masaukan gwamnatocin jihohi, a Maitama ofisoshin jakadanci, a wurare da dama kuma manyan gidaje ne da masu su ke wata jiha ko ƙasar waje, an bar maigadi da kare. Abuja kanta takan yi fayau lokacin Sallah da Kirsimeti, domin yawancin mazaunanta gida suke tafiya. A tsofaffin GRA na Kano da Kaduna matsalar daban ce: gidajen zama suna komawa makarantu, asibitoci, otal da wuraren biki. Maganin ba wuya. Ka zauna da mai shayi ko mai kanti na bakin layi, ka gaisa da masu gadi cikin mutunci, ka tambaye su: gida nawa ne a layin nan iyali ke ciki? Su wa suka fi daɗewa? Da aka yi rasuwa ta ƙarshe, maƙwabta sun fito jana'iza sun zauna zaman makoki? Amsar wannan ta ƙarshe ta fi duk abin da dillali zai faɗa maka nauyi.

Akwai kuskuren da magidanta ke yi ba tare da sun lura ba, wato yanke shawara ba tare da uwargida ba. Kai za ka fita da safe, kana da abokan ofis da majalisarka ta tsohuwar unguwa. Ita da yara ne za su wuni a bayan katangar. Ka tafi da ita, ta shiga gida ɗaya ko biyu ta gaisa. Mata kan gano cikin ɗan lokaci ko ana shiga barka da suna, ko akwai makarantar matan aure, ko ana dubiya idan wata ta kwanta.

Idan rukunin gidaje ne mai ƙofa ɗaya, kada ka tsaya kan jin adadin kuɗin hidima na shekara. Ka nemi ganin shugaban ƙungiyar mazauna, ka ji ko ana taro, ko ana bayyana yadda aka kashe kuɗin gadi da shara da gyaran taransfoma. Inda ake rigima kan kuɗi, gaisuwa ma wuya take. Kuma ƙaramin layi da ba ya ɓullewa, mai gidaje kaɗan, ya fi babban titi saurin haɗa mutane, shi ya sa wasu ke barin Maitama su zaɓi wani lungu a Gwarinpa.

Gaggawa ma kuskure ce. In da hali, ka kama haya a unguwar shekara guda kafin ka saya, ka ga damina da ambaliyarta, ka ga azumi da yadda ake buɗa-baki.

Na ƙarshe yana zuwa ne bayan tarewa: zama a jira maƙwabta su ƙwanƙwasa. A irin waɗannan unguwanni kowa na gudun kada a ce ya cika shisshigi, sai a shekara ana ɗaga wa juna hannu ta gilashin mota. Zumunci a ƙafa yake. A makon farko ka bi gidajen dama da hagu da na gaba ka gabatar da kanka, ka gabatar da kanka ga liman, ka sa a shigar da lambarka zauren WhatsApp na unguwa. Ka yi 'yar walimar tarewa ka gayyaci layin gaba ɗaya, Musulmi da Kirista, har da masu gadi. Idan Layya ta zo, ka aika yaranka da nama da kansu maimakon direba, domin a san fuskokinsu a kowane gida.