Ranar fitowar sabuwar waya: kurakuran da masu shago a Gusau ke maimaitawa

Duk lokacin da Tecno ko Infinix suka fitar da sabuwar waya, sai ka ga matasan da suka buɗe shago kwanan nan sun ɗauko lasifika da balan-balan, amma sun manta da mutumin da zai zaro kuɗi daga aljihunsa. Na gaji da gani, shi ya sa nake wannan rubutu.

Mafi muni shi ne karɓar kafin alƙalami alhali kaya ba su shigo hannunka ba. Wannan ya ƙona ni. Wani dila a Kano ya tabbatar mini sabuwar Tecno Camon tana hanya, na karɓi kuɗin jama'a, ranar ta zo abin da ya aiko bai kai rabi ba. Wani dattijo ya taso tun daga Talata Mafara, ya biya kuɗin mota, ya zauna a benci har la'asar, sannan na buɗe baki na ce masa babu. Na mayar masa da kuɗinsa, amma daga shi har 'ya'yansa ba wanda ya sake taka shagona. Kun san halin da hanyoyinmu suke ciki. Mutumin Anka ko Ƙauran Namoda so yake ya isa gida kafin faɗuwar rana, ka ɓata masa yini kan wayar da ba ka da ita? Yanzu sai na ƙirga kwalaye da hannuna kafin in rubuta sunan kowa a littafi. Ana gobe nake kiran su ɗaya bayan ɗaya, kuma baƙi na nesa nake fara sallama, ko da ɗan gari ya riga su zuwa. Wasu na ganin rashin adalci ne. Ni haka nake yi.

Na biyu, kwashe kayan tsohuwar waya zuwa sabuwa cikin gaggawa. Haba jama'a! Ya za a yi yaronka ya goge wayar mutum bai tambaye shi ko ya tuna kalmar sirrin Google ɗinsa ba? Yawancin iyayenmu wani ne ya buɗe musu asusun Google ɗin a bakin kasuwa, ba su taɓa riƙe kalmar sirrin ba. Lambobi sun tafi, hotunan biki sun tafi, hirar WhatsApp da bashin da ake bi duk sun tafi. In musaya aka yi, tsohuwar ma ta kulle a hannunka. Ku ware tebur ɗaya da yaro mai haƙuri, ba mai rawar kai ba. Ya adana WhatsApp tukuna, ya sa layin a sabuwar, lambar tantancewa ta shigo, mai waya ya buɗe manhajar bankinsa da hannunsa, sannan a taɓa tsohuwar. Kuma kada yaro ya leƙa hotunan mutane, musamman na mata.

Sauran ƙanana ne. A buɗe kwali a gaban mai saye, a danna *#06# don lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, a rubuta ta a rasit, domin ranar da ya je Carlcare, cibiyar gyaran wayoyin Tecno da Infinix, neman garanti. Ka faɗa masa tun kafin ya biya in babu kan caja a kwalin, tunda Samsung ta daina sakawa a manyan wayoyinta tun 2021. Kada ka dogara da POS ɗaya, kuma kada ka miƙa waya don an nuna maka alat, sai ka gani a asusunka. Wayar gwaji ta kwana a caji, ba ruwanka da jiran NEPA. A ajiye wa mata kujera da layinsu daban. A kashe lasifika in an kira salla, ni a shagona ma ba na kunnawa, don ina son in ji abin da mai saye yake tambaya.